Daga Maraɗi zuwa Zangon Wagadugu, Ɗauko Baban Rabi

Maraɗi zuwa Yamai

Ƙarfe biyar saura kwata na asubar Talata muka bar tashar Maraɗi, ni da Yaya Sani, wan maigidana. Kwana biyu kafin nan aka bugo waya shagon maƙwabcinmu cewa maigidana, Baban Rabi, na kwance a Wagadugu, ba ya gane mutane. Direban babbar mota ne, ya sauko da dabino daga Aljeriya, ya bi ta Gawo.

A Konni muka tsaya ƙarfe tara. Yaya ya sayo fura, na kasa sha. Jandarmomi sun sauke mu a Dogon Dutse da Dosso, suna duba takardu. Sai bayan magariba muka shiga Yamai, kilomita ɗari shida da wani abu, muka kwana a rumfar tasha.

Yamai zuwa Wagadugu

Ƙarfe shida muka haye gada. A Makalondi mun yi awa biyu a rana, a Kancari aka zazzage kaya duka. Direbanmu da ya ji wanda za mu gani, sai ya rage rediyo.

"Na san shi. Shi ya ja ni a garin Fada, ranar da injina ya mutu. Allah ya tashi kafaɗunsa."

Zango

La'asar sakaliya muka isa gidan Alhaji Mamman, mai masaukin direbobi. An shafa wa katangun unguwar jan fenti, alamar rusau, wasu har sun fara cire ƙofofinsu. Alhaji bai bari mun zauna ba.

"Ranar Talatar makon jiya ya iso da zazzaɓi. Muka ce na sauro ne, ya sha magani, ya ɗan ware. Kwana uku sai ciwon kai, wuya ya sanƙare, haske ma ba ya so."

Na sami Baban Rabi a asibiti, an ɗaure hannunsa ɗaya da zane a jikin gado don kada ya fizge ƙarin ruwa. Na ce, "Baban Rabi, sannu." Ya dube ni tsaf, ya ce, "Madam, an gama lodin?"

Na fita baranda na yi kuka.

Likitar mace ce Bamosa, 'yar ƙasar, ba ta jin Hausa, Alhaji ke fassara. Ta ce sun ɗebi ruwan bayansa, ba sanƙarau irin na annoba ba ne, ba kuma na sauro ba. Ta tambaya ko yana kwana a waje.

"Ƙarƙashin mota, kamar kowane direba," in ji Yaya. "Amma da gidan sauro."

Ta ce akwai wasu ƙananan ƙudaje masu cizo, ba su kai sauro ba, ba a jin kukansu, suna ratsa ramukan gidan sauro. Yawanci zazzaɓin kwana uku suke kawowa ya wuce, amma wani lokaci cutar kan hau ƙwaƙwalwa. Zato ne, in ji ta, ba su da na'urar tabbatarwa. Magani kuma babu, sai jinya.

Kwana goma sha bakwai na yi a can. Matar Alhaji na aiko mana tuwo da miyar kuɓewa kullum, alhali ita ma tana ɗaure kayan tashi. A rana ta takwas ya kira ni da sunana. Kunnen hagu dai ya tafi, hannun dama yana rawa, in ya miƙe sai ya dafa bango.

Komawa

Muka sa shi gefen taga. Shekara goma sha takwas yana bin hanyar nan, amma da muka tsaya a Dosso sai ya taɓa ni a hankali, don kada Yaya ya ji.

"Wane gari ne nan?"

Ranar Lahadi bayan la'asar muka shiga gida. Inna, mahaifiyarsa, tana bakin zaure. Ta kama hannun nan mai rawa, ta riƙe shi da nata biyu.

Alhaji Mamman da iyalinsa, ban san unguwar da aka mayar da ku ba. Inda duk kuke, Allah ya saka muku da alheri. Mun iso, alhamdu lillahi.