Magini Mai Jiran Hadari

A layinmu akwai wani tsohon magini. Shekara arba'in ya yi yana hawa tsani, har gwiwoyinsa suka ƙi. Yanzu zama yake a kan benci a ƙofar gida, yana amsa gaisuwa. Amma da damina ta sauka sai a riƙa nemansa, don in ruwan wani gida ya ɓata na wani, wurinsa ake kai ƙara. Shi kuwa ba ya raba gardama ƙasa na bushe. Kome aka faɗa masa, sai ya ce, "To, mu jira hadari."

Bara wata mai sayar da gawayi ta zo masa. Gindin bangon ɗakin surukarta ya fara zaizayewa, tsaga ta kai taga, har tsohuwar ta koma kwana a ɗakin girki.

"Baba, indararon telan nan ne," in ji ta. "Tun da ya ƙara masa tsawo bangona ke shan ruwa."

Telan maƙwabcinta ne, ya biyo ta da tef a wuya. "Ni na saukar da ruwan, Yaya? Da ina da wannan ikon ai ba ɗinki zan tsaya yi ba."

Magini ya ce su jira hadari.

Bayan kwana uku aka kece da ruwa da yamma. Magini ya fito da buhu a ka, da ledar garin katako, da lema guda ɗaya. Ya miƙa wa tela lemar, ya ce, "Riƙe muku."

"Matsa mana, kafaɗata na jiƙewa," in ji mai gawayi.

"Lemar ce ƙarama, Yaya. Ni dai ba ni da faɗi."

Magini ya zazzage garin katakon a inda ruwan indararo ke zuba, suka bi shi a hankali. Garin ya gangara lungu kamar zai nufi kwata, sai ya ci karo da jerin bulo da mai gawayi ta shimfiɗa don buhunanta kada su jiƙe. Nan ya juya, ya je ya taru a gindin bangon.

Tela ya fara murmushi.

Magini bai dube su ba. Ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon indararon, sannan ya sa sandarsa a wani ɗan rami da ke gaba da bulon, inda ruwan ke faɗuwa kafin a ƙara tsawon. Daga can babu abin da ke tare ruwan. Murmushin tela ya koma ciki.

"Ni ban ce komai ba," in ji magini. "Akwai diga da zarto a gidana."

Kashegari tela ya hau ya rage indararon, mai gawayi ta kwashe bulo huɗu, suka haƙa 'yar hanya zuwa kwata, kowa yana cewa ɗayan bai iya riƙe diga ba. Da bangon ya sha iska, magini ya cike tsagar yana zaune a kan kujera.

Tsohuwar dai ta ƙi komawa. Ta ce sai ta gani da idonta. Ran da aka sake yin ruwa mai ƙarfi, ta shiga ɗakin, ta dafa bangon daga ƙasa, ta daɗe a haka. Da ruwan ya ɗauke ta leƙo, ta ce a kawo mata gadonta.