Hannun Wani a Motar Datti

Duk wanda ya taɓa zama a garejin Datti, can bayan tashar Kura, ya ji shi yana cewa "motata". Datti kuwa ko babur bai mallaka ba. Motar da yake nufi tsohuwar akori-kurar Hambali ce, mai bodin katako, wadda ke kwasar mana tumatur daga bakin kanal zuwa kasuwar Kwanar Gafan. Hambali ne ya saye ta, shi ke tuƙa ta, amma Datti ne bakaniken da ke duba ta tun tana da fenti. Ni Sammani manomin tumatur ne, katanga ɗaya ta raba gidana da nasa, na san halinsa kamar yunwar cikina.

Da injinan ban-ruwa ya fara tun yana saurayi, daga baya ya koma motoci, kuma Allah ya ba shi hannu. Aikinsa ma yana da lamba. Datti ba ya amfani da tef. In ya haɗa waya ko tiyo, robar cikin taya yake tsagawa siririya, ya naɗe tamau, ya ƙulle. Ko a Zariya ka ga wannan ƙullin, ka san motar ta kwana a garejinsa.

Aibinsa ɗaya ne, kishi. Ka yabi wani bakanike a gabansa, sai ka ga ya fara neman sifanar da ke hannunsa. Wanda ya fi tsaya masa a wuya shi ne Badamasi, wanda ya koyi aiki a wurinsa, ya tafi Kano ya ƙaro ilimin wayarin, ya dawo ya buɗe shago a Garun Malam. Da motoci suka canja, komai ya koma na waya, direbobi suka riƙa sulalewa can ɗaya bayan ɗaya. Wasu har sukan kawar da kai in sun zo wucewa ta gaban Datti. Akori-kurar nan kaɗai ta rage masa wadda hannun kowa bai taɓa ba sai nasa, kuma da ita yake riƙe da girmansa a garin.

Bara da rani injinta ya buga. Suka je kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano shi da Hambali, suka ɗauko wani inji na hannu, ɗan Baljiyam. Datti ya ɗora shi tsaf, ya zauna kamar don ita aka ƙera shi. Sai dai tsohon injin da kansa yake zuƙo mai, sabon kuwa sai an sa masa famfon lantarki kusa da tanki, a ja masa waya tun daga gaba.

Hambali ya sosa ƙeya ya ce, "Malam Datti, da an kira Badamasi ya ja mana wayar nan, tunda fanninsa ne."

Datti ya ɗago a hankali. "Wane Badamasi? Wanda na koya wa bambancin sifana lamba goma da sha biyu? In ya taɓa motata, to ka kwashe ta gaba ɗaya ka kai masa."

Shi ya ja wayar da kansa. Aka murɗa makulli, famfo ya yi ƙugi a ƙarƙashi, inji ya tashi lafiya lau. Ranar Datti har shayi ya saya wa mutane.

Washegari aka loda mata kwanduna, ba ta yi nisa da gona ba ta shaƙe ta mutu. Aka sauke kaya, aka jawo ta gareji, Datti ya taɓa makulli, ta tashi. Ya ce fis ne ya ƙone, ya canja. Ta sake mutuwa a hanyar Bunkure, ya ce man 'yan bumburutu ne mai ruwa, ya wanke tanki. Ta ƙara, ya zagi wanda ya sayar musu da famfon, ya sa wani. Kullum a gabansa lafiyarta ƙalau, a hanya kuma ta kunyata Hambali. Ba wanda ya lura cewa a gareji wayam take zuwa.

Rannan kayana ne a kai. Ta tsaya tsakiyar rana kafin Kadawa, ina ji ina gani tumatur ɗina ya fara tsiyaya ta ƙasan kwando. Kafin mu sami wata mota, dillalai sun gama ciniki sun watse. Raina ya ɓaci ƙwarai, na ce wa Hambali, "Kai da abokinka ku ci gaba da zumunci, amma ba da guminmu ba."

A makon nan Datti ya canja rile, ɗan akwatin da ke sakar wa famfo wuta, ya rantse an gama. Hambali kuwa bai jira a gwada ba. Da sassafe ya ɗauke ni, muka miƙe Garun Malam ta bayan gari, kamar masu kai kayan sata.

Badamasi ya saurari labarin duka, ya laƙa ƙwan gwaji a wayar famfo, ƙwai ya kama. Ya ce, "Da kaya take mutuwa ko ba kaya?" Muka dubi juna. Sai ya kira 'yan dakon da ke zaune a bakin titi, ya ce duk su hau baya. "Baba Sammani, kai ma hau, kai kaɗai ka yi kwando huɗu." Na hau ina harararsa. Ina ɗora ƙafa ta biyu, ƙwan ya mutu. Muka sauka, ya kama.

Ashe Datti ya bi da wayar ta tsakanin katakon bodi da ƙarfen shasi. In nauyi ya hau, katako ya danne ta, har ta tsinke a cikin robarta ba a gani. Ba kaya, bakunan wayar biyu suna taɓa juna. Da kaya, su rabu, famfo ya yi shiru. Badamasi ya yanke wurin, ya sake mata hanya ta gefen ƙarfe, ya naɗe da jan tef. Yana goge hannu ya ce, "Don Allah kada Maigida ya ji. Sauran aikin duk daidai ya yi shi."

Mota ta warke. Datti kuwa ya ɗauka rilensa ne. Wayyo, mun sha labari! A teburin mai shayi, a ƙofar masallaci, har a wurin suna, sai ya kawo zancen. "Yaran yanzu sai na'ura. Ni da kunne na kamo ta." Hambali ya sunkuyar da kai, ni kuma in cika baki da burodi. Tausayinsa nake ji, haushinsa nake ji, duk a lokaci guda.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Da kaka ta matso, Hambali ya kawo ta juyen baƙin mai, ina zaune a kan benci. Datti ya shimfiɗa buhu ya shige ƙarƙashi yana 'yar waƙarsa. Can sai waƙar ta tsaya.

Na leƙa. Yana kwance, idonsa a kan jan tef ɗin. Ya bi sabuwar hanyar wayar da yatsa har gaba, ya dawo, ya shafa katakon inda tsohuwar ta bar shaida. Bakanike ne, ba ya bukatar a yi masa bayani. Ya miƙo hannu ya ɗauki filaya, na ce a raina yau zai tsinke wayar. Ya daɗe riƙe da filayar. Sai ya ajiye.

"Sammani, miƙo min robar can."

Na miƙa masa. Ya warware jan tef ɗin a hankali, ya cusa a aljihu. Wayar kuwa bai gusar da ita ko kaɗan ba, ya bar ta inda Badamasi ya sa ta. Ya naɗe wurin da baƙar robarsa, ya yi ƙullinsa, ya fito yana kakkaɓe riga. Idanunsa sun yi ja.

Hambali ya fara, "Malam Datti, wallahi tumatur ɗin mutane ne ya..."

"Aikin ya yi kyau," in ji Datti, bai dube shi ba. "Wa ya koya masa bin waya ta gefen ƙarfe? Ba ni ba ne."

Har yau shi ke juye mata mai, shi ke ɗaure mata birki, kuma bai taɓa kawo sunan Badamasi a zancen ba. Labarin rile ma ya mutu. Kwanan baya wani baƙon direba ya tsaya a garejin, ya ga ƙafafun Datti a ƙarƙashinta, ya ce, "Baba, wannan tsohuwar taka ce?"

Na jira amsar da na saba ji shekara da shekaru. Daga ƙarƙashi Datti ya ce, "A'a. Motar Hambali ce."