Lasifikar Kujerar Baya

A layin da yake aski ba mai kiransa da sunansa na gaskiya. Na-Gaba ake ce masa, kuma ya amsa tun gashin kansa yana baƙi. A musu shi ne gaba, a layin banki shi ne gaba, ko hoto za a ɗauka sai ya ture kafaɗar wani ya fito. Amma fa hannunsa a kan aska ba a magana. Yakan yi wa mutum gyaran fuska yana zuba masa labari, sai an karkaɗe masa wuya yake sanin an gama.

Bayan aska, abin da ya ci zuciyarsa babur ne. Ba irin na kai yara makaranta ba, ƙato na doguwar tafiya, mai gilashi a gaba, akwati a baya, da kujerar fasinja mai majingina kamar ta falo. Kujerar nan ta uwargidansa ce. Tun suna sabon aure, a kan wani tsohon babur mai tari, take zama a bayansa. Duk zuwa ganin 'yarsu da ke aure a wani gari mai nisa tare suke yi, shi yana kaɗa kai, ita tana riƙe da ƙugunsa.

Sai wata safiya yana goge madubi ta ce wannan karon motar haya za ta shiga.

"Mota? Ga jirgi a ƙofar gida?"

"Jirginka ne, Maigida. Kana gaba kana shan waƙa, ina baya ina shan iska. Na ƙoshi."

Abin ya soke shi, don tafiyar nan ba tare da ita ba, shi bai ga amfanin babur ɗin ba. Sai dai Na-Gaba ba ya daɗewa cikin damuwa. Ya ce ai ƙarar ce ta yi kaɗan, kuma ƙara sayenta ake yi.

Ya nufi shagon ƙanin matarsa, mai gyaran rediyon mota, inda wayoyi ke rataye kamar sumar da ta shekara ba ta ga mataji ba.

"Yaya ta koro ka ne?" in ji ƙanin.

"In ta koro ni gidanka zan tare. Cire min lasifikokin nan masu muryar sauro, ka sa na maza."

Suka kwance murfin gaba, suka dasa manyan lasifikoki biyu waɗanda ruwa ba ya ɓatawa. Amfilifaya, wato ɗan akwatin da ke ƙara wa sauti ƙarfi, suka ɗaure ta ƙarƙashin kujera, suka ja mata waya mai kauri daga batir, da fis ɗinta mai kare ta daga ƙonewa. Da aka kunna, gwangwanayen kusoshi suka kama rawa a kan kanta, telan da ke maƙwabtaka ya leƙo da almakashi a hannu. Na-Gaba ya hau, ya zaga babban titi, waƙa tana dukan ƙirjinsa tas. Ya dawo gida yana tafiya kamar wanda ya ci gasa, ya ɗauki uwargida gwaji.

Da suka tsaya ta cire hular kwano ta miƙa masa.

"Yanzu iskar ta samu ganga. Waƙar dai ban ji ta ba."

"Ba ki ji ba? Mai facin bakin hanya har tsayawa ya yi da aiki!"

"Mai faci ba a bayanka yake zaune ba. Ka taɓa zama a kujerar nan?"

Shi da ƙaninta duk daga mazaunin direba suka saita komai. Ya wanke kujerar nan, ya sake mata fata, ya hana yara hawa, amma bai taɓa ɗora mazaunansa a kanta ba.

Kashegari 'yan layi suka ga abin da ba su taɓa gani ba: mai gyaran rediyo yana tuƙi, Na-Gaba a baya.

"Riƙe ni da kyau, amarya," in ji ƙanin.

"Ja mu je, kafin in aske maka gira."

A cikin unguwa waƙar tana fita. Suna hawa babban titi, babur ya miƙe, sai ta ɓace. Iskar da gilashin gaba ke ɗauke wa direba, ashe ta saman kansa take tsallakowa ta sauka a kan na baya. Bayan direban kuma ya tare sautin kamar katanga. Ba abin da ke isowa sai dum, dum, da shuuu a cikin hula.

"Ƙara!" Na-Gaba ya yi ihu.

"Ya ƙure!"

Na-Gaba ba ya jin waƙa, ba ya ganin hanya, sai ƙeyar mutum. Haka baiwar Allah nan ta yi ta zama tun ƙuruciya.

"Wa ya yi maka wannan mugun askin?" shi ne abin da ya iya cewa da suka sauka. Sannan ya nuna akwatin baya. "Nan za ka huda."

Aka sa ƙananan lasifikoki biyu a gefen majingina, daidai kunnuwan fasinja, da ɗan mamurɗi a kusa da hannunta don ƙarawa ko ragewa. Saitin kuwa a kan titi aka yi shi, cikin gudu, Na-Gaba yana baya yana dukan kafaɗar ƙanin: dama a ƙara, hagu a rage.

Da uwargida ta hau, bai juya ba, a madubi yake satar kallonta. Ta murɗa, ta rage, ta sake murɗawa. Can ya ji yatsunta suna bin kiɗan a ƙugunsa.

A ƙofar gida ba ta cire hular ba.

"Ka gaya wa yarinyar tare za mu zo. Amma wayar hannuna za a haɗa, ba taka ba."

"Waƙoƙin nan naki masu sa barci? Ina tuƙi fa!"

"Sai ka rage na gaba, Maigida. Ni nawa yana hannuna."