Tiyon da aka tura wa ɗana a baki

Babban ɗana bai zo ɗaurin auren ƙanwarsa ba, kuma har yau ban ce na yafe ba. Hutu ya tafi bakin Bahar Rum da abokan aikinsa, da alkawarin zai sauka Jidda ana gobe biki. Sai ga waya: wai ya yi nutso a teku da tulun iska a bayansa, kuma wanda ya yi nutso ba ya hawa jirgin sama sai iskar da ta shiga jininsa ta fita. Kwana ɗaya ya ce. Ya kusa mako.

A unguwar Utaibiyya ta Makka aka haife ni, dutse da zafi na sani, ban san teku ba. Amma na san muryar yaron da na goya idan ta fara kewaye-kewaye. Na ce a raina, mace ce.

Ya dawo a rame. Ya zauna kusa da ni ya buɗe bidiyon da wani abokinsa ya ɗauka, wai don ya wanke kansa.

"Dubi, ya Ummi. Tudu ne a ƙarƙashin ruwa, nesa da gaɓa. Kamar duwatsunmu na Makka, sai dai kifi ke zaune a kai."

"Kifin ne ya aurar maka da ƙanwa?"

Gaskiya wurin da kyau. Ciyawa tana kwanciya tana tashi kamar ana mata fifita. Ga wani ƙaton kifi da muke kira hamur a bakin rami, leɓe a sake, yana harara irin ta tsohon dillali. Wata aba mai hannuwa takwas ta rikiɗe ta koma launin dutse. Ni dai hannun mace nake nema.

Hannun da na gani na namiji ne, duk gashi. Can gefen hoton ya tura wa ɗana wani tiyo ruwan ɗorawa a baki, ɗana ya damƙe shi da hannu bibbiyu.

"Mayar baya," na ce.

"Gwaji ne, Ummi. Kowa sai ya koyi shaƙa daga tulun iskar abokinsa."

"Gwaji da ido waje? Haka ka damƙi nono ranar da zazzaɓi ya sake ka."

"Halas, ya isa haka, ya Ummi!" Ya kife wayar. Wai ma bayan Hajji zai koma, akwai gefen tudun da bai gani ba.

Sai na ji ina ma macen ce. A asibiti ya yi makon nan? Na tambaya, ya ce ana kiran salla.

Da furfurata na shiga ajin manya, don kada a riƙa karanta mini abin da aka ga dama. Yana alwala na tura bidiyon zuwa wayata.

Washegari da safe na zura abaya na hau motar Jidda. A shagon farko da na ga tulunan nutso a jere na shiga, na ajiye wa mai shagon wayar a gabansa, na ce ya faɗa mini abin da ya gani.