Ƙibar Inna da Kujerar Makka

Ni ce 'yar fari a wurin Inna, saboda haka tun da na yi wayo ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kuma yi mini magana kai tsaye in akwai yadda za ta kauce. Fulanin Gwiwa ne su, kunyar ɗan fari a wurinsu ba abin wasa ba ce. In tana son in miƙo mata ludayi sai ta dubi bango ta ce, "Da akwai mai hannu a gidan nan da an miƙo ludayi." In kuwa da wani a kusa, ko da jariri ne, sai ta ce masa, "Gaya wa waccan." Haka muka zauna lafiya har na yi aure, har na haihu.

Sana'ar Inna man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Shekara da shekaru tana gaban kasko a gidanmu na Kazaure, kuma ba ta yarda ta sayar da abin da ba ta ɗanɗana ba. Jiki ya amsa. In za ta tashi daga tabarma sai ta dafa ƙasa, ta dafa turmi, ta ambaci Allah, sannan ta miƙe. Ba wanda ya ga laifin haka. A lokacin, in mace ta yi ƙiba cewa ake yi hankalinta a kwance yake.

Shekarun da kuɗin man fetur suka fara zagayawa, ƙanena ya samu aiki wurin masu yin titi a Kano. Ya biya wa Inna kujerar Makka, ya biya wa kansa don ya raka ta, tunda Baffa, mahaifinmu, ya riga ya rasu. Ana gab da azumi aka ce maniyyata su je asibiti a duba su, ni na raka ta. Likitan Bamisire ne, sai da tafinta. Ya ɗaura mata abin awon jini a dantse, da ƙyar ya zagaye. Ya nuna mata sikeli. Inna ta ce ita ba buhun gyaɗa ba ce, amma ta hau. Likita ya dubi allurar sikelin, ya yi dogon bayani.

Tafinta ya ce, "Inna, ya ce jininki ya hau, gwiwoyinki kuma sun gaji da ɗaukarki. Aikin Hajji tafiyar ƙafa ce cikin turmutsutsu. Ki rage mai, ki rage gishiri, ki rage tuwo, ki riƙa takawa. Ki dawo kafin jirgin alhazai ya fara tashi. In bai ga sauyi ba, ba zai sa hannu ba."

Inna ta ce, "To."

Likita ya nuna ni da alƙalami. Tafinta ya ce, "Ya ce wannan 'yar taki ita za ta kula da abincinki."

Inna ta dubi taga ta ce, "Allah Ya ba ta sa'a."

Na nemi izinin maigidana, na goya 'yata, na dawo gida. A zuciyata na ɗauka azumi zai yi mini rabin aikin. Ban san azumin Inna ba. Ba ta taɓa shan ko ɗaya ba, gaskiya, amma da an kira magariba sai ta rama na yinin gaba ɗaya: kunun tsamiya da ƙosai, sannan tuwo da man shanu, bayan asham kuma fura. Ba zan iya ce mata ta daina ba, don ba mu da hanyar da irin wannan magana za ta bi. Sai na ɓoye akushinta, na riƙa zuba mata a wani ƙarami. Ta juya shi, ta leƙa gindinsa, ta dubi 'yata da ke rarrafe ta ce, "Gaya wa uwarki akushin nan ya rame." Ta cinye, ta miƙo a ƙara.

Zancen takawa kuwa, ta ce ba za ta fita tana yawo a gari ba kamar wadda ta ɓatar da akuya. Aka daidaita a kan ta riƙa zagaya rumbun da ke tsakar gida da hantsi. Wani kawunmu ya shigo ya tarar da ita tana zagayen, ya ce ya yi kama da ɗawafi, gara ta riƙa bi ta ɗaya hannun. Inna ta ce ba za ta koya wa ƙafarta hanyar da ba ita ba, ta je Makka ta rikice. Ta zauna. Daga ranar rumbu ya huta.

Sallah ta zo a farkon kaka. Tun da safe kwanuka suka fara shigowa daga maƙwabta: tuwon shinkafa da miyar taushe, waina, funkaso, alkaki, nakiya. Na jera su a ɗakina na ja labule. Inna ta dawo daga gaishe-gaishe, ta tsaya a tsakar gida ta yi wa iska bayani: wanda ya aiko maka abinci, gobe zai tambaye ka yadda ka ji shi, kuma mai shirin tafiya ɗakin Allah ba ya ƙarya. Saboda haka ba ci za ta yi ba, ɗanɗanawa za ta yi don ta samu abin faɗa. Na fito da kwanukan. Unguwarmu babba ce, kuma Inna mutuniyar kowa ce.

Bayan Sallah aka shiga yawon bankwana. Mai tafiya Hajji sai ya bi 'yan'uwa ya nemi gafara, don ba a san mai dawowa ba. A Roni, wurin yayar Baffa, aka yanka mana kaza, aka dafa sabuwar gyaɗa ƙwarya guda. Na rusuna na ce, "Gwaggo, likita ya hana ta mai." Tsohuwar ta ce, "Likitan ne zai yafe mata ko ni?" A Gwiwa, a rugar yayyenta, ban ma buɗe baki ba. Kindirmo ne da man shanu sabon kaɗi, kowace bukka da tata ƙwaryar, kuma duk wadda aka tsallake sai ta ce ba da zuciya ɗaya aka nemi gafararta ba. Muka dawo Kazaure munduwar hannun Inna ta daina juyawa.

Saura wuri ɗaya, Kanya Babba, can wajen Babura, kuma shi Inna ta yi ta ja da baya. Akwai wata ƙawarta a can, tare suka tashi, tare aka yi musu kitson farko. Mu Gwaggon Kanya muke ce mata. Shekarar da aka samu 'yancin kai, a wurin sunan autanmu, ta ɗanɗana miya ta ce a gaban mata man Inna yana ƙauri. Inna ta ce bakin da bai saba da mai ba shi ke jin ƙauri. Daga ranar ba su sake magana ba.

Muka shiga motar 'yan kasuwa, muka sauka da la'asar. Gwaggo 'yar siririya ce kamar karan dawa, tana zaune tana gyaran wake. Ta amsa sallama, ta dubi Inna daga sama har ƙasa.

"Ke ce, ko ku biyu ne?"

Inna ta haɗiye fushinta, ta ce, "Gafara na zo nema, ƙawa. Zan tafi Makka."

"A jirgi?"

"A jirgi."

"Su sauran a ina za su zauna?"

Na shiga tsakani da gaisuwa. Don in cika shirun, sai na ba ta labarin likita, kamar yadda na ba kowa, ba tare da sa ran komai ba. Gwaggo ta ajiye faifai. Ta sa na sake faɗi daga farko. Ta tambayi abin da aka hana ɗaya bayan ɗaya, tana gyaɗa kai. Ban taɓa ganin mutum ya ji umarnin likita da daɗi haka ba.

Da dare ya yi aka kawo wa kowa dambu yana ƙyallin mai. Aka ajiye wa Inna dafaffen zogale, ba ƙuli, gishiri kamar an yi rantsuwa, da tuwo ɗan dunƙule.

Inna ta ce, "Wannan na akuya ne?"

Gwaggo ta ce, "Akuyata tana tashi ba ta dafa turmi ba. Ci."

Inna ta so mu koma washegari, amma mota sai ranar kasuwa, gafarar kuma ba a ba ta ba. Gwaggo ta ce tana tunani. Da sassafe ta ɗauki ƙwarya ta ce za ta gona roron wake, mai son jin amsa ya biyo ta. Inna ta ɗaura gyale ta bi ta, ni ma na bi su da goyo.

Gonar da nisa, hanyar kuma rairayi. Ba su yi nisa ba suka tono maganar man. Inna ta ce man nan da hannunta ta matse shi, ba abin da ya same shi. Gwaggo ta ce har yau tana jin ƙaurin a maƙogwaronta, amma ba shi ya ƙona mata rai ba, gorin talauci da aka yi mata a gaban kishiyoyin mutane da surukai shi ne. Inna ta ce ita aka fara kunyatawa a gidanta, ranar sunan ɗanta. Suna tafe suna yi. Inna tana haki, zufa ta jiƙe mata riga, amma ba za ta ce a tsaya ba, don tsayawa kamar an kayar da ita ne. Da muka isa gona ba su gama ba, suka juyo da sauran.

Washegari ma haka, jibi ma haka. Da zancen mai ya ƙare suka shiga wani, na wata tsohuwar tukunya da aka ara ba a mayar ba tun suna amare. Ranar kasuwa ta zo, mota ta yi ta oda a bakin hanya. Inna ta ce wa 'yata, "Gaya wa uwarki akwai maganar da ban gama ba." Mota ta tafi. Wata kasuwar ma ta zo ta wuce. Na aika wa maigidana saƙo ta hannun wani mai keke.

Ban san ranar da aka yafe ba. Na dai fito wata safiya na tarar da su a gindin ɗorawa, Gwaggo tana tsefe wa Inna kai, tana ce mata furfurarta ta fi tata yawa. Abinci bai sauya ba. Ko ranar da za mu tafi, guzurin da ta ɗaure mana a tsumma zogale ne busasshe.

A asibiti allurar sikeli ta ja baya, ba da yawa ba, amma ta ja. Jinin ma ya sauka. Likita ya sa Inna ta taka daga ƙofa zuwa taga ta dawo, ya ga ba ta dafa komai ba, ya sa hannu. Ya yi mini jinjina da babban yatsa, tafinta ya ce wai na yi ƙoƙari. Na karɓa, don bayanin zai yi tsawo.

Ƙanena ya ba mu labari bayan sun dawo. Ya ce tsakanin Safa da Marwa masu ɗaukar tsofaffi sun yi ta bin Inna, ta kore su, da ƙafarta ta gama. Shi ne ma zafi ya kayar, ta zauna tana yi masa fifita da gefen mayafi tana ce masa rago. Ta dawo da haƙorin Makka da tari, ta rame sosai don abincin can bai karɓe ta ba. Mata masu zuwa barka suka riƙa dubanta suna salati, sannan su dube ni. Kwanuka suka sake shigowa. Kafin damina ta sauka Inna ta koma yadda take, ba wanda ya sake tambayata komai.

Gwaggo ba ta samu zuwa Makka ba har ta bar duniya. Inna da kanta ta kai mata tsaraba har Kanya, ruwan Zamzam a 'yar kwalba da kallabi kore mai zaren zinariya a baki. Gwaggo ta ɗaga kallabin a rana ta ce na 'yan mata ne, mace mai shekarunta ba za ta ɗaura wannan a ga haukanta ba. Shi ta riƙa ɗaurawa duk Juma'a har korensa ya koɗe.