Tsohuwar da ban tambaya ba

Jiya a Yelwa, ina yi wa masu binciken barin taba tafinta, muka shiga gidan 'yan gudun hijira daga Michika. Wanda aka ƙirga cikin masu shan taba ne kawai ake turawa asibiti. Na ce a kira mana maza.

Wata tsohuwa ta janye leɓenta, ta nuna mini gyambo a dasashi.

"'Yata, tun ina amarya garin taba yana bakina. Ina son bari. Mu ba a tambayan mu?"

"Mama, kunyarki na ji."

"Kunyan ki zai warke baki na?"

Na zauna, muka ƙirga ta. Babu wanda ya hana ni tambayar mata. Ni na ɗauki shiru ladabi. Allah Ya gafarta mini.

A gidajenku, wa ke tambayar iyayenmu mata?