Fayil Mai Aljihu Goma Sha Biyu

Karatun bokona ya tsaya ne a aji biyu, ranar da na gano kasuwar Gwarzo ta fi allo daɗin kallo. Duk da haka 'yata, malamar asibiti, ta ga ba wanda ya dace da fayil sai ni. Ta kawo min wani baƙi mai aljihu goma sha biyu, in ka buɗe shi sai ya wage kamar zugazugin maƙera. Wai in daina cusa takardu a ƙarƙashin katifa.

Na zauna na tsara su da ilimina. Mai jan hatimi a gaba, mai hoto a bayanta, wadda ba hatimi ba hoto can ƙurya. Da haka takardar sayen rediyo ta zama shugaba. Takardar gonarmu ta Durun kuwa, wadda aka rubuta wa mahaifina da ajami, ta samu aljihun ƙarshe. Ko ta'aziyya zan je sai da fayil, in ɗora shi kan babur in zauna a kai, saboda soson kujerar ya riga ya mutu.

Da damina ta kawo kai, maƙwabcin gonata ya shigo min da kunyoyi biyar, ya ce iyakar a nan take tun kakanni. Dagaci ya sa mana rana, kowa ya zo da hujjarsa.

Na taso daga Kabo da fayil a hammata kamar lauya. Na buɗe shi a hankali don kowa ya gani. Takardar rediyo ta fito. Katin rigakafin shanun da suka daɗe da zama kilishi ya fito. Aljihun ƙarshe wayam.

"Malam, akwai sauran ɗakin da ba mu shiga ba?" in ji dagaci.

Maƙwabcina har da tari. Aka ba ni zuwa la'asar, in ba takarda iyaka ta zauna inda ya ce.

Na koma gida ina faɗa tun daga zaure. Mai ɗakina ko tankaɗenta ba ta ajiye ba.

"Takarda da bisimilla a kanta, kai kuma kullum kana zaune a kai? Tana cikin gafaka tun azumi."

Nan na same ta, a jikin Alƙur'ani. Kafin la'asar liman ya karanta ta a gaban jama'a: iyaka daga tsamiya zuwa bakin kwari. Kunyoyina biyar suka dawo.

Fayil ɗin yana nan. Irin kuɓewa na aljihun farko, na yakuwa a bayansa. Ni na tsara su, kuma har yau ba wanda ya ɓata.